Tambaya da Amsa: Tsohuwar bindigar Finlan da ake rububi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mayen kallon tarihin yaƙe-yaƙe ne a YouTube, sai nake ganin turawan Amurka suna ta rububin wata tsohuwar bindiga mai sakata wai ta sojojin Finlan, amma kuma suna ce mata Mosin-Nagant, ni kuma a sanina ta Rasha ce. To wai ta waye? Me ya sa ta fi ta Rashan tsada? Kuma mutum zai iya ajiye ta a nan gida don sha'awa kawai?

Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai duka biyun gaskiya ne. Rasha ce ta fito da ita a 1891, lokacin Finlan tana ƙarƙashin sarkin Rasha, da suka samu 'yancin kai a 1917 sai suka gaji tulin bindigogin a barikoki, ga talauci ga maƙwabci mai ƙarfi, don haka maimakon su ƙera sabuwa sai suka riƙa wargaza tsofaffin suna ɗaukar uwar ƙarfen da sakata ke shiga, su ɗaura mata sabon bututu da sabon saiti da ƙota ta katakon ƙasarsu, su gyara kunamar ta yi laushi. Kamfanonin SAKO da Tikkakoski da masana'antar gwamnati VKT su suka yi yawancin aikin. Da haka aka samu samfuran M27, M28, M28/30, sai M39 wadda a ganina ita ce ta fi duka kyan aiki.

Tsadar kuwa, na farko ta fi ta Rasha saiti nesa ba kusa ba, kuma ba ta da yawa, su Rasha miliyoyi suka buga. Sannan ga tarihi. Da M28/30 gwanin harbin Finlan Simo Häyhä ya yi Yaƙin Hunturu na 1939 zuwa 1940 tsakanin Finlan da Sobiyat, shi ne ake cewa ya kashe sojojin Sobiyat sama da 500, ko madubin hange bai sa mata ba.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin masu tarawa shi ne tambura. Za ka ga mutum ya sa tabarau yana leƙen SA cikin ɗan akwati a jikin bututu, alamar rundunar sojan Finlan kenan, ko SY ta dakarun sa-kai. Wani har sai ya kwance ƙotar, saboda a ƙarƙashin wutsiyar uwar ƙarfen ake buga ainihin shekarar ƙira, sai ka tarar bututu na 1942 amma uwar ta 1890 da wani abu ce, wata ma a Chatellerault ta Faransa aka yi ta, wata kamfanin Remington na Amurka. Shi ya sa duk wanda ya goge ta da samfefa ya shafa mata fenti wai don ta yi kyau, to ya zubar da kuɗinsa, ba mai saye da daraja.

Maganar ajiyewa a gida kuma, don Allah ka rufa wa kanka asiri. Kaurin harsashinta milimita 7.62 ne, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu wannan awo cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa. Tsufanta ba zai cece ka a hannun hukuma ba, tunda har gobe tana harbi.