Gasa kek a tukunya ba tare da ya ƙone ba

'Yar uwa, kin tambayi dalilin da ya sa kek ɗinki yake ƙonewa ta ƙasa alhali cikinsa ɗanye ne, duk lokacin da kika gasa shi a tukunya. A ganina laifin wuta ne, domin zafin yana taruwa a gindin tukunyar, bai kai ga saman kek ɗin ba.

Ki sami tukunya mai kauri, ki zuba busasshen yashi mai tsabta har ya kai kaurin yatsu biyu, sannan ki rufe ta ta yi zafi na minti 10 kafin ki jera gwangwanayen. Idan da gawayi kike aiki, ki rage shi sosai a ƙasa, ki ɗebi garwashi kaɗan ki ɗora a kan murfin. Wannan shi ne matakin da mata da yawa suke tsallakewa, kuma shi ne yake sa saman ya yi ja. Ni na fi son gawayi a kan risho saboda wannan dalili.

Kada ƙullun ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwani, kuma kada ki buɗe murfin kafin minti 20, domin iska mai sanyi tana sa kek ya lotsa. Bayan nan ki soka tsinke a tsakiya. Idan ya fito ba ƙullu a jikinsa, ki sauke.