Kyamarar Baba Ta Ƙi Bugawa, In Sayar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mai hoto ne a Aboabo. A cikin adakarsa na samu kyamara Mamiya RB67 Pro-S da gilasai biyu, 90mm da 180mm. Ina danna maɓallin ba ya shiga, kuma cikin babban gilashin akwai wasu fararen zare-zare. Wani a Adum ya taya. In sayar? Daga ɗanku, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Dakata da cinikin, don ina zaton lafiyarta ƙalau, kulle take.

Mamiya ta Japan ta fito da RB67 a 1970, irin taka kuwa a 1974. Ba ta cin batir ko kaɗan, amma an cika ta da makullai don kada mai hoto ya yi asarar fim. Da farko zare siririn farantin ƙarfen da ke tsakanin jikinta da gidan fim; muddin yana ciki ba za ta buga ba. Duba zoben da ya kewaye maɓallin, shi ma makulli ne. Sai ka tura babban hannun da ke gefen dama har ƙarshe, shi ke ɗana shota, wato ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga ya taɓa fim, ya sauko da madubin da ke cikin kyamarar. Gidan fim yana da nasa hannun daban, kuma in babu fim a ciki sai ka matsar da ɗan maɓallin da ke ba da damar buga hoto kan hoto. A jikin gilashi akwai wani ƙulli mai N da M, bar shi a N. Duk abin da ya cije, kada ka sa masa ƙarfi. Yawancin waɗanda aka kawo mini a karye, ƙarfin samari ne ya karya su.

Zare-zaren nan fumfuna ce, ita ce ta fi damuna. Laimar Kumasi da duhun adaka, ai ta samu gida. In ta daɗe takan ci fatar gilashin, tabon kuma ba ya fita. Haska tocilan ta baya ka duba: in a gefe-gefe take, mai gyara zai buɗe ya share, hoto ya fito lafiya. Kai dai kada ka kwance shi, domin shotar wannan kyamara a cikin gilashin take. Raba shi da ɗan'uwansa yau ɗin nan, ka cire su daga jakar fata, kowanne ya samu roba mai murfi da ƙunshin silika, irin na kwalin sabon takalmi.

Gwada shotar da kunne. Sa ta a daƙiƙa 1 ka buga. In ta ja ta tsaya, tsohon mai ne ya daskare, wanki take so.

Fim mai girman lamba 120 kyamarar take ci, wanda Kodak ta fara tun 1901, har gobe Kodak da Ilford suna yinsa. Hoto 10 kacal za ka samu a naɗi ɗaya, amma kowanne ya ninka na ƙaramin fim 35mm fiye da sau huɗu, shi ya sa ake ganin kowane zaren aikin babbar riga a hotunan Salla na da. Tabbatar ka samu mai wanke 120 kafin ka saya. Kyamarar ba ta auna haske: da fim mai lambar karɓar haske (ISO) 400 a rana tsaka, sa saurin shota a 1/400 na daƙiƙa, faɗin ƙofar hasken gilashi kuma a f/16. Ta haura kilo biyu, don haka nemi ƙafa uku. In ka leƙa ta sama za ka ga dama ta koma hagu, haka take.

Fara da 90mm. Na 180mm na hoton fuska ne, in an share shi ka zaunar da Hajiya a inuwa ka ɗauke ta da shi. Bayan naɗin farko, in har yanzu sayarwa kake so, ka shawarci sauran magada, kuma ka je Adum da hotunan a hannu, farashin zai canza.