Amsa: Izinin gina babban kanti a bakin titin Wudil

Malam, ka tambaya ko takardar filin da ƙaramar hukuma ta ba ka ta isa ka fara gina babban kanti, alhali maƙwabta na ƙorafin cunkoso. Ba ta isa ba. Takardar fili daban, izinin gini daban. Ka kai zanen ginin zuwa hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, kafin a haƙa tushe. Kuma tunda titin Wudil, wato na Kano zuwa Maiduguri, na gwamnatin tarayya ne, sai ka bar mita 45.72 daga tsakiyar kwalta, in ba haka ba duk ranar da aka zo faɗaɗa hanya, rusau ne.

Ƙorafin maƙwabta kuwa yana da tushe, musamman ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci. Abin da ya fi kawo matsala shi ne wurin sauke kaya: tirela ɗaya ta tsaya a kafaɗar titi, masu Adaidaita su jeru bayanta, hanya ta toshe. A zanen, ka nuna ƙofar shiga daban, ta fita daban, wurin ajiye motoci a cikin katanga, sannan sauke kaya ta baya. Ka zauna da mai unguwa tun yanzu, kafin takardar koke ta riga ka isa ofis.