Ni ma a karo na 69 aka kashe mani jeri

Salam. Ɗan'uwa mai tambayar Battle Tower na wasan Pokémon Emerald, gidan da ake jera faɗa bakwai-bakwai ba tare da an faɗi ba, wallahi da na karanta saƙonka sai na ji kamar ni na rubuta shi shekara biyu baya. Ka ce sau biyar kana kaiwa tsakanin 28 da 33 ana koro ka, ko fuskar Anabel, shugabar gidan, ba ka taɓa gani ba, kuma da Blaziken da Gardevoir da Aggron ɗin da ka ci zakara Wallace da su kake shiga, har kana tambaya ko wasan maguɗi yake yi. Sannu. Na san wannan zafin, na kwana da shi.

Ba maguɗi ba ne, duk da ni ma na sha rantsuwa a kan haka. Abin da ke faruwa, dodannin gidan nan duk horarru ne, kuma duk zagayen bakwai da ka haye ana ƙara masu IV, wato ƙarfin da aka haifi dodo da shi, har ya cika 31. Su kuma naka ukun nan, kada ranka ya ɓaci, 'yan yawon duniya ne. Sun ci Zubat, sun ci Tentacool, sun ci duk abin da ya tare masu hanya tun daga Littleroot, EV ɗinsu 510, makin horon da dodo ke tarawa daga waɗanda ya ci a faɗa, ya watse ko'ina. Aggron ma Earthquake ɗaya ya ishe shi, shi ke nan an yi jana'iza. Ajiye su cikin akwati, ka yi masu godiya, ka reni wasu sababbi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni da Latios da Metagross da Swampert na yi. Na san za a ce kowa su yake ɗauka, to ai shi ya sa. Beldum, wanda ke girma ya zama Metagross, yana nan ɗakin Steven a Mossdeep, ka yi sebin a gaban ƙwallon ka yi ta sake kunnawa har mai halin Adamant, mai ƙara ƙarfin duka, ya fito. Ni kwana biyu na yi a kan wannan kaɗai, ina ɗinki ina dannawa. In ja ka zaɓa lokacin da Mama ta tambaye ka launin abin da aka nuna a talabijin, Latias ce rabonka ba Latios ba, ita ma ba laifi. In farautar ta gajiyar da kai, jefa Super Rod a Lilycove ka kamo Staryu, wanda ke zama Starmie. Starmie mai Surf da Ice Beam da Thunderbolt ba ƙaramin mugu ba ne.

Amma bari in ba ka labarin abin da aka yi mani, don har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mani ƙirji.

Ina da 68. Sittin da takwas! Na karɓi tambarin azurfa tun a 35, saura faɗa ɗaya in tsaya gaban Anabel karo na biyu don na zinare. Kusan sati uku ina lallaɓa jerin nan kamar ƙwai, kaɗan-kaɗan bayan an tashi daga aiki. Ranar an yini babu wuta, batir ya yi ja, sai na jona wayar a solar shagonmu nan Ƙofar Marusa. Na gama na 68 ke nan aka ta da iƙamar magariba. Maimakon in danna Rest mai ajiye jerin sai ka dawo, wanda ba zai ci mani daƙiƙa goma ba, sai na ce ai yanzu zan dawo, na kifa wayar kan teburin yanka na ruga masallaci. Laifina na farko ke nan, na yarda.

Ashe ɗan goggona ya shigo. Taubashina ne, irin mutanen nan da in sun ga waya a ajiye hannunsu ƙaiƙayi yake yi. Bai taɓa buga Pokémon ba a rayuwarshi, shi ɗan ƙwallo ne. Ina shigowa na tarar da shi zaune kan buhun yadi ya miƙe ƙafa, wayata a hannunshi, igiyar caji ta miƙe kamar za ta tsinke. Ya ɗago ya ce mani, "Kai, dodon nan naka ba ya jin magana, ina danna wani abu yana ƙi."

Na fizge wayar. Latios ya faɗi. Swampert ya faɗi. Saura Metagross, da Choice Band a wuyanshi, abin da ke ɗaure dodo a kan dabarar farko da ya yi, ya riga ya kulle shi a kan Earthquake, kuma Gengar ne tsaye a gaba. Gengar mai Levitate, wanda ƙasa ba ta taɓa shi. Ga Shadow Ball nan ina kallon shi a jerin dabaru, bugu ɗaya zai aika shi lahira, amma ba halin taɓawa, kuma ba wanda ya rage da zan canza in warware kullin. Kashe wasan ma ba zai cece ni ba, don in ka fita ba ka yi Rest ba, matar da ke bakin kanta za ta ce an soke maka. Haka na tsaya da hular sallah a kaina, da hannuna nake danna Earthquake ina kallon jinin Metagross yana sauka kaɗan-kaɗan. Sau huɗu na danna. Wallahi hannuna rawa yake yi.

Kuma abin da ya fi ci mani rai ba faɗuwar ba ce. Da na ce mashi ka san abin da ka yi kuwa, sai ya yi dariya ya ce, "To wai duk a kan wasan yara? Sake farawa mana." Sake farawa! Kamar wanda ya zubar da kunu. Ga shi taubashi, in ka ɗaga murya a ce ba ka san wasa ba. Maganar har gida ta kai, Goggo ta kira ni tana cewa ashe ƙato da ni ina gaba da ɗan'uwana saboda aljanun cikin waya. Ni aka sa na ba da haƙuri. Shi ko har gobe bai ce mani yi haƙuri ba, in mun haɗu wurin biki ma tsokana yake, wai ina dodona mai taurin kai. Wata biyu ban buɗe wasan ba.

To ka ji. Sa wa wayarka makulli, kuma ko ruwa za ka tashi sha, danna Rest.

Na dawo kan tambayarka. Shiga na lebul 50, kada ka shiga Open, ɓangaren da bai da iyakar lebul. Renon ya fi sauƙi, kuma ba za ka gamu da Tyranitar da Dragonite ba tunda sai a 55 suke zama. Sai dai ka kula, Emerald ba ya rage maka lebul, in ɗaya ya taka 51 ba za a bar shi ya shiga ba. Na taɓa manta Exp. Share a jikin Swampert ɗina na farko, sai da na koma na ƙyanƙyashe wani daga ƙwai. Wannan kam ba wanda zan ɗora wa.

Wajen EV, karɓi Macho Brace gidan Winstrate a hanya ta 111, yana ninka maka. Shuppet na Mt. Pyre don ƙarfin duka, Spinda na 113 don Special Attack, Magikarp don gudu, Whismur na ramin Rusturf don jini. Ka riƙa ƙirga a takarda, ni bayan littafin awon kwastomomi na yi ta jan layi. Su Protein da Carbos BP ɗaya-ɗaya ne, makin da ake ba ka in ka ci zagaye, a Battle Frontier inda Tower ɗin yake, fara da su, suna kai ka 100. Kuma kada ka manta a wannan zamanin nau'in dabara ne ke raba duka da tsafi, shi ya sa Shadow Ball ya dace da Metagross, Dragon Claw kuma da Latios. Da yawa a nan suke ruɗewa saboda sun saba da sababbin wasannin.

Af, maɓallin gudun nan na imuleta, manhajar da ake buga wasan da ita a waya. Cire yatsanka daga kanshi in kana cikin Tower. Gilashin wayata ya tsage ta kusurwar dama, sau biyu ina danna Surf yana ɗaukar wani abu daban saboda gaggawa.

Sa'a kuwa, dole wata rana ta juya maka baya. Su Quick Claw da Bright Powder da Focus Band suna hannunsu, ga masu kisan bugu ɗaya. Da na dawo bayan fushin nan, a 52 wani Walrein ya share mani ukun duka da Sheer Cold, abin da aka ce 30 cikin 100 yake samu. Uku a jere! Ranar dariya kawai na yi, don ko ba komai wannan wasan ne ya ci ni, ba ɗan goggo ba. Maganinsu ka riga su bugu, kada ka tsaya ado da Calm Mind a gabansu. Mai koya Substitute yana saman babban kantin Lilycove, sau ɗaya yake koyarwa, ka yi tunani kafin ka ba wani. Meteor Mash ma kada ka amince mashi ɗari bisa ɗari, 85 ne, in Earthquake zai kashe to yi da shi. Leftovers akwai na banza cikin kwandon shara a ƙasan jirgin S.S. Tidal, kada ka kashe BP 48, tara 64 ka sayi Choice Band.

Masu cewa a riƙa ajiye save state na imuleta kafin kowane faɗa don a maimaita in an faɗi, ni ba na yi, amma ba zan zagi kowa ba. Abin da ban so shi ne mutum ya yi haka sannan ya zo nan yana turo hoton tambari yana mana gori. Sun san kansu.

Ita Anabel da kake jin tsoro, ta fi 'yan hanya sauƙi tunda ka san abin da ke hannunta. A 35 Alakazam ne da Entei da Snorlax, kada ka bar Snorlax ɗin ya yi Belly Drum ya zauna lafiya. A 70 kuma Raikou da Latios da Snorlax mai Curse da Rest. Raikou ɗin Thunderbolt kaɗai gare shi na kai hari, Swampert na fitowa ya zama ɗan kallo. Snorlax kuwa Explosion na tanadar mashi, wanda ake koya a Pacifidlog. Daren da na samu na zinaren cikin ɗaki na kulle kaina, na sa sakata, waya a caji, ƙarfe ɗaya saura na dare. Ba wanda na iya gaya wa a gidan, don ba mai gane abin da ake nufi.

Kafin ka fara renon Beldum ɗin turo mani halin da ya fito maka in gani. Kuma don Allah in akwai wanda ya ci Noland, shugaban Battle Factory, a faɗa na 42 ya yi magana, ni can aka tsare ni yanzu, dodannin hayar nan sun ishe ni.