Ƙaramar kwamfutar gem mai ƙarfi: wanne zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son haɗa kwamfutar buga gem mai ƙarfi sosai, amma ƙarama wadda ba za ta cinye mini tebur ba. Na ƙudurta sayen furosesa Core i9-14900K da katin hoto RTX 5090. Wane akwati ne zai ɗauke su?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, tun yanzu ka dakata da sayayya. A ƙaramar kwamfuta, akwati da katin hoto ake fara zaɓa tare, sauran kaya su biyo baya, domin milimita da zafi ne ke yanke hukunci.

Madabod ɗinka, wato babban faifan da ake jona duk kayan a kansa, ƙaramin samfurin Mini-ITX ce, santimita 17 kowane gefe, ramin kati ɗaya, na RAM biyu. Don haka ka sayi RAM ɗin da kake so gaba ɗaya, misali guda biyu masu GB 16 ko 32 na DDR5-6000, gajeru waɗanda ba za su tokari na'urar sanyaya furosesa ba.

Idan wannan ne haɗinka na farko, akwatin Cooler Master NR200 ya fi sauƙi. Kusan lita 18 ne, yana karɓar kati mai tsawon milimita 330. Fractal Design Terra kuwa lita 10 ne da ɗoriya, ga kyau, amma sai da lissafi. Akwai ƙarfe a tsakiyarsa da ake turawa gefe zuwa gefe: kati a ɓangare ɗaya, madabod a ɗayan. Duk abin da ka ƙara wa kaurin kati, daga tsayin na'urar sanyaya ka ɗebo shi, kuma ita tsakanin milimita 48 zuwa 77 kawai take samu.

A nan ne nake ba ka shawarar ka haƙura da 14900K. Yana iya jan wat 253, gajeriyar fanka ba za ta iya da shi ba, sai ya dinga rage gudu da kansa, ga ƙara kamar injin niƙa. Furosesa Ryzen 7 9800X3D, da ya fito a ƙarshen 2024, wat 120 aka ƙayyade masa, a cikin gem yawanci ko nan ba ya kaiwa, kuma ya fi 14900K gudu a mafi yawan wasanni.

RTX 5090 yana cin wat 575, Nvidia, kamfanin da ya ƙera shi, kuma ta ce a ba shi na'urar wuta mai wat 1000. Akwai irinta ƙarama samfurin SFX, kamar Corsair SF1000. Sigar katin ta Founders Edition, wadda Nvidia ke yi da kanta, kaurin ramuka biyu take ci a akwati, tsawonta milimita 304, amma na wasu kamfanonin sun zarce ramuka uku, don haka ka auna kafin ka biya. Ni dai, in ba a allon 4K mai tsananin kaifin hoto kake wasa ba, RTX 5080 mai wat 360 zan ɗauka.

Wayar wutar katin, 12V-2x6, ka danna ta har sai ta kulle, kada murfin akwati ya lanƙwasa ta daf da baki, domin sakaci a nan ya sha narkar da soket. Sannan idan akwatinka na amfani da wayar ƙari ta PCIe 4.0 wajen haɗa kati da madabod, ka kunna ka ga allo baƙi, shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka mayar da ramin katin kan Gen 4, wato PCIe 4.0, kafin ka zargi katin.