Sanyaya waya ba tare da gas ba: inda lissafin kwamfuta yake ruɗar ɗalibi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen injiniyan lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Na tsara wata na'urar sanyaya batirin waya a manhajar lissafi ta MATLAB, irin na'urar da ake kira ilektirokalorik, sai lissafin ya nuna za ta fi firij inganci nesa ba kusa ba. Haka abin yake, ko akwai abin da na bari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ina kyautata zaton akwai abin da ka bari, kuma ba kai kaɗai ba ne.

Asalin abin shi ne, akwai kayan da zafinsu yake ɗan tashi idan aka ɗora musu ƙarfin lantarki, yake kuma sauka idan aka cire shi, ba kwamfireso ba gas. Tun 1930 masana kimiyyar Tarayyar Soviet, Kobeko da Kurchatov, suka lura da hakan a gishirin Rochelle, amma canjin ya yi ƙanƙanta har aka daɗe ba a kula shi ba, sai a 2006 da masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka samu canjin digiri 12 a wani siririn falle na sinadarin PZT.

Sai dai falle ya yi sanyi daban, ya janye zafin batiri daban. Yana ɗumama ne yana hucewa a wuri ɗaya, don haka dole a samu abin da zai kwashe zafin ya fitar da shi waje, sannan ya kai sanyin jikin batirin. Nan ne yawancin lissafin ɗalibai yake karkacewa, domin sukan ɗauka zafi yana tsallakawa nan take. Lokacin da zafi yake ɗauka kafin ya ratsa falle yana tafiya ne da kaurinsa sau kaurinsa: ka ninka kauri biyu, lokacin ya ninku huɗu. Haka kuma duk inda fuska biyu suka haɗu akwai ɗan gibin da yake tare zafi. Idan ka sa na'urarka tana juyawa da sauri alhali ba ka saka waɗannan biyu ba, kwamfuta za ta ba ka sanyin da babu shi.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne wutar. Fallen nan kafasita ne, wato ma'ajiyar wutar lantarki, kuma mafi yawan wutar da ka zuba masa ajiya ce kawai. Sai da'irarka ta iya dawo da ita a kowane zagaye ingancin zai yi kyau. Duba ko ka ɗauka tana dawowa gaba ɗaya, domin babu da'irar da take yin hakan.

Ga ma'auni mai sauƙi. A ce zafin Afrilu ya kai digiri 43, kana son batiri ya tsaya a 30. Iyakar Carnot, wato mafi yawan zafin da kowace na'ura za ta iya janyewa da kowane wat na wutar da ta ci, ita ce 303 (digiri 30 a ma'aunin Kelvin) a raba da 13 (tazarar 43 da 30), wato kusan 23. Duk sakamakon da ya haura wannan kuskure ne, wanda ya matso kusa da shi ma abin tuhuma ne.

Ka kwatanta da aikin zahiri: na'urar da masu bincike a ƙasar Luksambag suka bayyana a 2023 iyakar tazarar da ta samar digiri kusan 21 ce, iyakar ƙarfin sanyayarta kuma wat 4 da ɗoriya, sannan man silikon ne yake kai da komo tsakanin fallayenta. Ka gyara waɗannan wurare, ka sake turo mini alƙaluman mu duba tare.