Amsa: Sharukhan da Kajol mata da miji ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Sharukhan da Kajol ma'aurata ne. Ba kai kaɗai ba, ƙanwata ma har rantsuwa take yi a kai. A'a, ba su taɓa auren juna ba. Shi Gauri ya aura tun 1991, ita kuma Ajay Devgn ne mijinta tun 1999.

Jininsu ne kawai ya haɗu a gaban kyamara. Sun fara fitowa tare a fim ɗin Indiya mai suna Baazigar a 1993, amma Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ne ya rikita mutane. Tuna wurin tashar jirgin ƙasan nan, tana gudu, shi yana tsaye bakin ƙofa ya miƙo mata hannu. Ni dai a ganina Kajol ce gishirin haɗin, don ko da wa aka haɗa ta sai ta haska shi.